Wata Biyar Ban Goya 'Yata Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni.

Kwana huɗu da haihuwar Amira na sauko daga gado, sai na ji kamar an soka min ƙusa a ƙugu, ɓangaren hagu. Na ce ciwon jego ne. Aka yi arba'in bai tafi ba. Juyi a gado sai da hawaye. Matakalar gidanmu a garin Greenbelt kuwa da rarrafe nake hawanta.

Ƙanwata Maryam ta bar ɗakinta a garin Hyattsville ta tare a wurinmu. Ita ce wanka, ita ce goyo. Ni sai shayarwa, a kwance.

Zan faɗi abin da ba daɗin faɗa: kishin Maryam na yi, mai zafi.

Amira ta yi ta tsala kuka a hannuna, Maryam na saɓa ta a baya sai tsit. Murmushinta na fari ma ba ni ta yi wa ba.

"Yaya, duba, dariya take min!"

Na ce, "Sauke min 'yata. Ke kika haife ta?"

Ta sauke ta. Ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Na ji.

Hoton ƙashi biyu aka yi min, aka ce ba a ga komai ba. Tsoro ya kama ni, ko haka zan ƙare. Sai aka tura ni wurin wata likita mai auna ƙarfin gaɓar ƙugu da sikanin irin na awon ciki. Na kwanta rub da ciki. Ta sa wata 'yar na'ura mai karkarwa a ƙashin ƙuguna, ta ɗora kan sikanin a bayana, inda ƙugu ya haɗu da ƙashin baya. Ta ce in gaɓar na da ƙarfi karkarwar za ta ratsa ta, in ta saki sai ta mace a hanya.

Dama lafiya lau. Hagu ta saki.

"Ba raki kike ba," in ji ta. "Ga shi nan muna gani."

Aka ba ni bel na ɗaure ƙugu, da motsa jiki a asibiti sau biyu a mako. Maryam ce ke kai ni a mota, duk da abin da na faɗa mata. Bayan wata uku aka sake awon, hagu ta kusa kamo dama.

Ranar da na fara goyo, Amira ta ƙi. Maryam ta gyara min zanen, ta ce, "Ɗan jijjiga ta a hankali, Yaya, haka take so." Na yi. Ta yi barci. A tsaye, da ita a bayana, na roƙi Maryam gafara.

Alhamdulillahi. Abban Amira, Allah ya saka maka da haƙurinka. Maryam, Allah ya ba ki masu yi miki.

Mai jego, in ƙugunki ya hana ki tafiya, kada ki ce zai wuce. Koma asibiti, ki nemi a duba gaɓar kanta. Wadda ke riƙe miki jariri kuma, ki kiyaye harshenki a kanta.