Kunnen da Ya Kai Ƙarar Kansa

Shekara ashirin da bakwai ke nan, gari na wayewa Baba Mai Kunne zai rataya jakarsa ya gangara bakin kogi. A gindin bishiyar da aka shafa wa jan fenti yake tsayawa, ya runtse ido minti goma, ya rubuta duk tsuntsun da ya ji kukansa. Da hantsi kuma ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa, yana juya duwatsu yana kwashe ƙwarin da ke maƙale a jikinsu cikin kwalba. Da waɗannan biyun masu bincike ke gane ko kogin na da lafiya. Ɗalibai nawa suka yi digiri da takardunsa? Shi kuwa ko a bangon littafi sunansa bai taɓa fitowa ba.

Ana nan sai wani ɗan tsuntsu mai siririyar murya ya fara raguwa a takardar Baba. Bara kaɗan, bana babu ko ɗaya. Farfesar da ke jagorantar aikin har ta haɗa rahoto cewa tsuntsun ya ƙaurace wa yankin.

Wata safiya matar Baba tana shanya a tsakar gida ta ce, “Malam, ɗan tsuntsun nan ya cika mini kunne tun ɗazu.”

“Wanne?”

“Ga shi can kan katanga, kamar an biya shi.”

Shi ne kuwa. Baba ya ga ɗan bakin yana buɗewa yana rufewa, bai ji komai ba. Kunnen nan shi ne abincinsa, kuma da zai ja bakinsa, babu mai ganewa.

Ko karyawa bai yi ba ya nufi ofis. “Ranki ya daɗe, tsuntsu bai tafi ba, kunnena ne ya tafi. A soke ƙidayar shekara biyun nan.”

Farfesa ta ce, “Baba, ka san aikinka ne kake ajiyewa?”

“Na sani. Amma ba zan kashe tsuntsun da biro ba alhali yana raye.”

Kai ne, Baba, ka zaɓi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Wallahi kana burge ni. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu riƙe da biro a kowane aiki, ga abin koyi: in kunne ya gaza, kada baki ya rufa masa asiri.

A makon da ya yi ritaya, ya raka ɗalibai gindin bishiyar nan. Suka runtse ido yadda ya koya musu, shi yana kallon fuskokinsu. Can wata ɗaliba ta jiyo siririyar muryar nan, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ƙara na biyu, ta ƙara na uku. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa mata bironsa.

“Rubuta, 'yata. Suna nan.”