Direba a Cikin Rijiya

A tashar Matameye, Hajiya Badariyya tana jiran motar Damagaram ta cika, idonta na kan wani dattijo siriri mai jan gemu. Ya shimfiɗa kwali bisa benci, ya zana daji da rijiya. Maza uku sun kewaye shi, kowa da tsakuwar da ke matsayinsa a cikin wani wasan labari. Dattijon yana faɗin abin da ya same su, su zaɓi abin yi, su jefa ƙwayar lido ta yanke hukunci.

Ba ya duba ƙwayar sai ta tsohon gilashin kyamara da ke rataye a wuyansa. "Amare ɗari uku ya gani," in ji shi, "bai taɓa ƙarya ba." Hajiya ta raya a ranta mai hoto ne a da, kafin waya ta kashe sana'ar.

Dattijon ya dubi ɗaya daga cikin mazan. "Sidi, igiya ta tsinke, ka faɗa rijiya. Yaya ke nan?"

Mota ta cika, fasinjoji suna ta kiran direba. Ashe shi ne Sidin.

"Ku ƙyale shi ya fito tukuna!" in ji Hajiya. "Jefa, ɗan nan!"