Bature da Bokiti a Wuya

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini, akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina, wato jinyar karenmu. Na san wani zai yi murmushi ya ce dattijo ya rasa abin tunawa sai kare. To, a yi haƙuri a saurare ni.

Fari ne sol, gashinsa gajere, fatar cikinsa ja-ja. Yara suka sa masa suna Bature. Don gadin awaki na kawo shi gidanmu a unguwar Lamorde. Shekarar da tashin hankali ya kore mu daga Mubi, mun fita ba mu ɗauki komai ba, balle kare. Da Allah Ya dawo da mu, awaki babu, ƙofa a karye, amma ga Bature kwance a bakin zaure, ƙashi da fata, yana kaɗa wutsiya. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa barinsa ya doshi madafa ba, ranar ita ta fara zuba masa abinci kafin mu ci.

Yana da wani hali, kwanciya rigingine tsakar rana, ciki a sama. Da ya fara manyanta sai wani ƙurji ya fito masa a ciki, ya fashe, ya zama gyambo mai tudu a gefe-gefe. Mu a nan, kare ko jaki in ya yi ciwon fata, maganin da muka sani shi ne baƙin man inji na wajen makanikai. Na ɗaura tsumma a kan sanda ina dangwala masa, domin duk zaman da muka yi ban taɓa sa masa hannuna ba. Gyambo dai sai faɗi yake, yana jini, ƙuda na bi. Wata safiya mai ɗakina ta ce, "Malam, ko a kai shi can bayan mayo, ƙetaren kogi, a sake shi? Ga jikoki a gida, ga wari." Ta faɗa ne idonta cike da hawaye. Na ce ta bar ni in yi tunani.

Maƙwabcina manomi ne, Kirista, mutumin duwatsun Michika. Ya shigo aron gatari ya tarar da ni da sandata. Ya tsuguna, ya juya Bature da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Malam, ka mai da kare mota ne? Kullum juyen mai." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Wannan ba ƙazuwa ba ce. Ran Litinin mu kai shi asibitin dabbobi, motata akori-kura tana nan."

Likitar yarinya ce, sa'ar autata. Ta wanke baƙin man, ta lalluba hammatarsa da matsematsinsa tana neman kaluluwa, sannan ta yanki ɗan nama ta aika gwaji. Da sakamako ya dawo ta ce ciwon daji ne na fata. Na ce, "'Yata, ashe kare ma yana yin daji?" Ta ce, "Baba, duk mai fata yana yi. Farin kare mai shanya cikinsa a rana ya fi saurin kamuwa. Ka gode wa Allah, ban ga alamar ya bazu ba. In ya shiga ciki, wuƙata ba za ta yi masa komai ba."

Aka yi masa allurar barci, ta yanke gyambon har da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, don kada a bar saiwa, ta ɗinke. Ta ba mu ƙwayoyi, ta kafa sharuɗɗa: a wanke wurin safe da yamma, kada ya kwanta a rana, kada harshensa ya taɓa ɗinkin. Ta sa muka sayo bokitin roba, aka yanke gindinsa, aka zura masa a wuya. Muna saukowa daga mota matan unguwa suka fara: "Malam, yau Bature ne zai ɗebo muku ruwa?" Wata ta ce, "Ku ba shi guga mana."

Nan jarrabawata ta zo. Maƙwabcina ya tafi girbi wajen Gella, ba mai wanke ɗinkin sai ni, kuma sanda ba ta wannan aikin. Na tsaya a kansa da ruwan ɗumi a kwano. Na yi karatu gaban malamai, na san hukuncin taɓa kare, na san labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Amma abin da ke cikin takarda daban, abin da hannu ya saba daban. Na yi bisimilla, na ɗora tafina a kan haƙarƙarinsa. Jikinsa na ɓari. Na ji zuciyarsa tana bugawa a hannuna, sai ya yi ajiyar numfashi ya saki jiki. Mai ɗakina ce ta riƙe mini bokitin. Na gama, na wanke hannu, na tafi masallaci.

Ɗinki ya kame, aka cire zare. Na kafa masa rumfar zana, kuma ya zama mini al'ada in shafa cikinsa ina neman sabon ƙurji, kamar yadda likita ta ce. Bai dawo ba. Bature ya ƙara shekaru a inuwar nan, tsufa ne ya ɗauke shi. Ni da maƙwabcina muka haƙa masa rami.

Har yau ina yi wa mutanen nan biyu, maƙwabcina da likitar, addu'ar alheri. Abin da na koya, ciwon da ya ƙi warkewa a kai shi wurin masu sani tun da wuri, na mutum ne ko na dabba. Kuma dabbar da ka ajiye amana ce, ba a riƙe amana daga nesa da sanda. Bokitin yana nan rataye a rumfar. Mai ɗakina ta hana a yar.