Kiɗan Lawali da babu baki a ciki

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Lawali, kuma har yau in na shiga jirgin ƙasa daga Lyon zuwa Paris, kujerar bakin taga nake nema, inda yakan zauna yana kaɗa yatsu a jikin gilashi.

Na tashi a Damagaram ina karanta littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, ina ɓoye su cikin jakar lakkol, wato makarantar boko. A cikinsu saurayi yakan tsara wa budurwa baituka, ya sa sunanta a kowane layi. Don haka da na zo karatu Faransa, wani ɗan Maradi mai karatun injiniya ya raɗa mini cewa shi makaɗi ne, sai na ce mafarkina ya cika.

Ya gayyace ni wani ɗaki a ƙarƙashin gidan abinci a Belleville, wata unguwa a Paris. Na tarar da Stoyan, dattijo ɗan Bulgariya, riƙe da wani abin kiɗa mai kama da goge, da wata ƴar Yukiren mai busa sarewar makiyayan ƙasarsu, da mai ganguna. Shi kuwa Lawali jitar lantarki ce a wuyansa, ya soka cokali tsakanin tsarkiyoyinta. Gogen ya fara kuka a hankali kamar a bikin ƙauye, can sai jitar ta faɗo masa kamar iska ta yaye kwanon rufi. Na yi ta jira wani ya buɗe baki. Har aka gama ba wanda ya ce uffan.

Na ce, "Ina waƙar?"

Ya ce, "Ita ce kika ji."

"To, ina sunana?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Rakiya, tun farko har ƙarshe ke ce a ciki."

Na yi fushi a ranar, na aure shi bayan shekara.

Gidansu gidan malamai ne. Yana yaro ta bayan katanga yake jin goge in ana biki a unguwa, bai taɓa matsawa kusa ba. Ya ce ranar da ya fara jin kiɗan Stoyan a tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya ji kamar katangar nan ce ta faɗi. Abin da yake kwantar wa kansa hankali da shi ke nan: "Ban roƙi kowa ba, ban wasa kowa ba, ban zagi kowa ba." Muna zaune a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, ƙarshen mako ya tafi Paris wurinsu. Kafin ciwon ajali ya kwantar da shi sun naɗi kiɗansu gaba ɗaya a na'ura, amma ba su kai ga fitar da shi ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yaranmu da aka haifa a nan suna haɗa gurmi da ƙarar na'ura a wayoyinsu, su watsa wa duniya, ba sa ɓoye wa kowa. Ina jin da ya yi murna, da kuma ya ɗan yi kishi, shi da yake sauya riga kafin ya kira gida ta bidiyo don kada a gan shi da kayan makaɗa.

Bana Stoyan ya zo Lyon takanas. Ya tsufa. Yana so a fitar da kiɗan tun yana raye, amma ya ce ba zai yi ba sai da yardata. Na ce ya ba ni lokaci in shawarci Inna, mahaifiyar Lawali.

Na kira ta a waya, bayan doguwar gaisuwa na gaya mata. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ko yanzu da ba ya nan.

Ta ce, "Ɗiyata, mutane suna barin rijiya da masallaci lada tana bin su. Yaron nan kuwa duk wanda ya kunna abin nan, shi za a tambaya a kabari. Ki bar shi ya huta."

Ni ba malama ba ce, ban san iyakar gaskiyar wannan ba, na kuma ji malamai sun saɓa a kai. Amma uwa ce, kuma tsoronta na gaske ne. Na ce wa Stoyan a'a. Bai yi musu ba. Ya ɗauki hularsa ya ce, "To, ni da ke muka rage masu jin sa." Tun ranar nake jin kamar na sake binne Lawali da hannuna, na haɗa da mutum uku da suka yi shekaru suna aiki tare da shi.

Ta ɗaya gefen ma ban kuɓuta ba. Inna ta tambaye ni ko na share kiɗan da ke wayata, na ce ban iya ba. Sai ta sake tambayata.

"Ana jin muryarsa a ciki?"

"A'a Inna, kiɗa ne zalla."

"To, me kike saurare?"

Na sauya zance saboda kunya. Akwai wani wuri da gangunan suke tsayawa, sarewa ta yi shiru, a ji yatsansa yana zamewa a kan tsarkiya, sannan ya ja numfashi kafin ya sake afkawa. Digirinsa yana cikin akwati, rigunansa na rabar, ƙamshinsa ya daɗe da barin ɗaki. Numfashin nan shi ya rage mini, kuma sai da ya tafi na gane abin da ya gaya mini a Belleville.

Yau ma na kunna. Da ya ƙare na yi alwala, na yi masa addu'a, na roƙi Allah kamar yadda na saba: in akwai laifi a cikin wannan, kada a kai masa. Ni na kunna, a rubuta a wuyana. Allah Ya jiƙan Lawali.