Cikin Jirgin Baba

Tun ina ƙarami hannuna bai rabu da kara ba, har na zama malamin lissafi a wani kolej a Buza ban daina ba. In an tashi aiki abokaina su nufi wurin shan shayi, ni kuwa in zauna da reza da totuwar dawa da ƙayar aduwa da ƙaro ina ƙera jiragen sama. Matata wasan yara take kiransa, ni kuma ban yarda ba. Nakan nemo tsawon jirgin gaske a waya, in raba shi gida ɗari biyu, in yanka kara daidai da abin da ya fito. In fiffike ya zarce ko kaɗan, karya shi nake yi in sake.

Wani hutu na je gida Dewule da jirgi guda don in burge su. Inna ta kai shi dab da fuskarta, don yanar ido ta fara rufe mata gani, ta jujjuya shi ta ajiye.

"Wanga mi zai yi mini?" in ji ta. "Ka yi mini jirgin ruwan babanka in gani, tun idon bai ida mutuwa ba."

Rani goma sha bakwai Baba ya yi yana zuwa Abijan aiki a tashar jiragen ruwa. Da an gama girbi ya tafi, sai hadarin farko ya dawo da shi. Inna kuwa ba ta taɓa wuce Madawa ba. Duk shekarun nan in mata sun tambaye ta maigida, cewa take yi yana cikin jirgi, kuma da ɗaga kai take faɗa. Baba ya ce a bar zancen, babu abin gani, amma bai hana ni ba.

Mako uku na yi a kansa. Na zaɓi babban jirgin kaya a waya, na yi masa farin bene a baya mai tagogi jere, da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da tuta. Ni kaina na san na yi aiki. Da na kawo, Inna ta ɗora yatsa a can saman benen, fuskarta cike da murna.

"Nan kake kwana, Malam?" ta tambayi Baba.

Baba ya daɗe yana kallo. "Ya yi kyau, Mushe," ya ce, da sunan da ake kiran malamin boko a wurinmu, wanda yake kirana da shi tun da na fara koyarwa. "Amma ba shi na ba."

Na ɗauko takarda na fara tambaya, nan ne kaina ya soma kwancewa. Tagogi nawa? Babu ko guda. Launinsa fa? Tsatsa. Hancinsa mai tsini ne? Ba shi da hanci. Tsawonsa? Taki arba'in. Faɗinsa? Talatin da 'yan kai. Na yi lissafi sau uku, kullum akwati yake ba ni. Na ce to ruwa a ina yake kai masa, ya ce shi bai cika ganin ruwa ba.

Mutum ya yi rani goma sha bakwai a bakin teku, ya ce bai cika ganin ruwa ba! Na koma Buza da tsoro. Farko na zaci tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Daga baya wani tunani mafi muni ya zo mini, wai ko bai taɓa shiga jirgi ba, ko tallan goro ya yi a titi ya dawo ya ba mu labari. Har yau ina jin kunyar wannan tunanin. Duk da haka na ƙera na biyu, na raba gardama tsakanin waya da Baba, sai ga wani abu gajere mai ƙiba, ba taga, ba tuta. Matata ta ce kwamin shayar da awaki na yi, ban iya musa mata ba.

Da na kai shi Dewule, Baba ya dube shi ya girgiza kai. "Ina tsani? Matakala talatin da takwas, kullum sai na ƙidaya. Kuma sama ba ka sa ta ba. Kusurwa huɗu gare ta."

"Sama ce mai kusurwa huɗu, Baba? Tsanin kuma ina ake hawa da shi?"

"Hawa? Sauka a kai, Mushe. Sai in an tashi aiki ka hau."

Na ajiye alƙalami. Ashe ni waje nake ƙerawa, shi kuma ciki yake faɗa mini. Sannu a hankali ya ba ni sauran. Da safe shi da abokan aikinsa su bi gefen wani bangon ƙarfe, su hau katako, su sauka ramin kaya. Can ƙasa suke yini suna jibga buhunan shinkafa da siminti a cikin raga, ƙugiya tana janyewa ta bakin ramin. Jiragen suna canzawa, ramin kuwa iri ɗaya ne, shi ya sa a wurinsa jirgi guda ne. Bai taɓa samun sukunin ja da baya ya kalli ɗaya daga kai har wutsiya ba.

Na rasa abin yi. In kai wa Inna farin in ce shi ne, ga Baba ya riga ya ƙaryata shi a gabanta. In ƙera na gaskiya, ban san me zai yi mata ba. Na fara na bari ya fi sau biyar. Ƙarshe dai na yi akwatin, na shafe cikinsa da jar ƙasa da ƙaro, na jera matakalar ƙaya talatin da takwas, na tara buhunan totuwa. Na raba tsayin Baba gida ɗari biyu kamar yadda na saba, sai ya fito bai fi ƙwayar wake ba. Na tsayar da shi a ƙasan tsanin.

Da na kai akwatin gida, da hantsi Inna ta fitar da shi tsakar gida inda haske ya fi, ta kafa idonta mai sauran gani a bakin ramin. Baba ya ce wannan karon shi ne, babu abin gyara.

"Kana ina?" ta tambaya.

Ya ɗauki tsinke ya nuna mata.

"Iska ta ina take shiga?"

"Ba ta shiga."

"Ni ko ina ce ma mata iskar teku kake sha."

Ni dai ina tsugune, ban san ko in ba ta haƙuri ba, ban kuma san a kan me ba. Ta daɗe tana leƙe. Can sai ta zura yatsu biyu a hankali, ta lalubo ɗan mutumin ta ciro shi, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"Ungo jirginka," ta ce, ta miƙo mini akwatin. "Wanga zaman rami ya ishe shi hakanan."