Dare na Talatin a Littafin Auta

Sana'ar Baba Hatimi gyaran agogo ce. Yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin tasha, a nan yake wuni da tabarau a ido ɗaya yana tonon cikin agogunan mutane. Amma Talata da Alhamis, ƙarfe biyu na bugawa, zai kulle teburin, ya ɗaura ƙyallen wuyansa, ya hau matakalar da ke bayan shagon magani zuwa ofishin shiyya na ƙungiyar 'yan sikawut. Shekara goma sha tara yana sakatare a wannan ɗaki mai fanka ɗaya da kabad na ƙarfe. Ni ce mai buga masa takardu, kuma ba zan ɓoye ba, na sha yin fushi da shi.

Hatimin shiyya a aljihunsa yake kwana, daga nan sunan ya samo asali. Ba sani ba sabo. Yaro ya zo neman lamba, igiyarsa ta kwance a gwaji, sai ya dawo wani watan. Shugabannin gundumomi kan ce gara ka roƙi bango. Matarsa kaɗai ke iya tanƙwara shi, ita kuwa shekara uku ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yansa duk sun watse da aure da aiki, sai Auta, malamar firamare, wadda ta taso da usur a wuya tun tana 'yar shekara takwas.

A bana aka ce kowace shiyya ta tura sunayen masu neman kujerar wakilin matasa a majalisar ƙungiyar ta ƙasa. Sharaɗi biyu ne: kada ɗan takara ya kai shekara ashirin da shida, kuma ya kwana dare talatin a sansani. Mutum biyar suka fito, har da Auta, wadda za ta cika ashirin da shida nan da wata huɗu. In ba bana ba, shi ke nan.

Ranar Alhamis ta ƙarshe motar ƙungiya za ta kwashi ambulan ƙarfe huɗu zuwa hedikwata. Aikina shi ne in gwada ɗan littafin kwanan sansani na kowane ɗan takara da babbar rajistar sansani. Na gama huɗu lafiya. Littafin Auta ya nuna talatin cif. Sai na buɗe rajistar sansanin bakin dam na shekara uku da suka wuce. A gefen sunanta, da jan biro, da rubutun Baba Hatimi kansa: ta fita ƙarfe biyar na yamma, ba ta dawo ba.

Na san yadda aka yi. Ranar tashi daga sansani shugabanni kan tara littattafan yara tuli guda, su yi ta sa hannu ana naɗe tanti ana ihun mota. Ba wanda ke duba wa ya kwana, wa bai kwana ba. Ƙawarta ta miƙa littafin Auta cikin tulin, aka ba ta dare huɗu maimakon uku.

Na ɗauki rajistar na ajiye masa a gabansa, na sa yatsa a layin. Ƙarfe uku da kwata. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallon rubutunsa.

"Wa ya gani?" ya ce.

"Daga ni sai kai, Baba."

Wallahi tambayar nan ta fi ba ni tsoro fiye da layin. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gefensa, ban taɓa jin ya tambayi wa ya gani ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hatimin, ya danna a tawada. Ya buga a takardar Auta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na so in ji daɗi, don ina son yarinyar, amma abin da na ji kunya ce, har na kasa kallonsa.

Direba ya fara danna ham a ƙasa. Sai ga takun Auta a matakala, ta taso daga makaranta da alli a hannun riga, don doka ce ɗan takara ya sa hannu a bakin ambulan kafin a liƙe. Ta gaishe mu tana haki. Ni kuma da sakarcina ban rufe rajistar ba.

Ta karɓi biro, ta sunkuya, idonta ya sauka a kan jan rubutun. Na ga leɓenta yana motsi tana karantawa. Ta miƙe a hankali.

"Baba, nawa ka ƙirga?"

"Talatin."

"Baba."

"Na ce talatin. Sa hannu, mota na jira."

Direba ya leƙo ta ƙofa. "Ranka ya daɗe, saura minti ashirin fa, kuma akwai cunkoso a gada." Na ce masa ya sauka muna zuwa, da muryar da ban san ina da ita ba.

Baba Hatimi ya kama bakin teburi. "Ke ba ki gudu daga sansani ba. Ni na je na ɗauko ki a babur. Laifina ne, ba naki ba. Da na bar ki kin kai safe, da yanzu ba wannan maganar."

"Da ka bar ni na kai safe, da ban sami Mama da rai ba."

Ta zare takardarta daga ambulan, ta kalli hatimin da bai gama bushewa ba. Na ɗauka za ta yaga, amma sai ta ninke ta gida huɗu ta sa a jaka.

"Auta, ba ki da wata shekarar," ya ce. "Dare ɗaya ne tak."

"Na sani, Baba. Ina son kujerar nan, Allah ya sani. Amma takardar nan cewa ta yi a tanti na kwana." Ta share ido da bayan hannu. "A gefen Mama na kwana, hannunta a cikin nawa. Ba zan bari a rubuta wani wuri ba."

Na tattara ambulan huɗu na sauka na miƙa wa direba. Da na dawo sama, na tarar da shi ya kifa kai a kan rajistar, kafaɗunsa na girgiza, ita kuma tana tsaye a bayansa tana gyara masa ƙyallen wuya.