Rumbunan Hawwa guda uku

Shekara biyar ke nan da muka kai ƙanwata Hawwa makwancinta a bayan garinmu, gabas da babbar tur'a, magudanar ruwan noman rani. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta, yaƙi bai zo ba tukuna. Har yau in na tuna, sai in rasa ko in gode wa Allah da bai nuna mata abin da muka gani ba, ko in ji haushin ba ta nan ta ga yadda maganarta ta tabbata.

Hawwa ta karanta kwamfuta a birnin Madani. Da ta gama, lajnar manoman garinmu, kwamitinsu ke nan, ta roƙe ta ta adana mana takardun hawasha, wato gonakin da iyayenmu ke nomawa tun da aka ja ruwa daga madatsar Makwar. Mu jikokin mutanen Sakkwato mun san darajar takarda. Sama da shekara ɗari muna nan, amma ko kaza aka yi faɗa a kanta, sai wani ya tuna mana cewa mu baƙi ne. Hawwa ta ɗauki hoton kowace takarda. Ta kuma bi tsofaffi gida-gida, Hausawa da maƙwabtanmu Larabawa, tana naɗar muryarsu suna faɗin iyakar kowa.

Rigimar ta taso ne a kan inda za a ajiye. Baffa Abakar, shugaban lajna, ya sayi kwamfuta ya sa a ofis, ya rataya kwaɗo biyu a ƙofa. Hawwa ta ce a'a, za ta hayi injuna a wurin wani kamfani na waje, abin da suke kira girgije. Baffa ya ce, "Ɗiyata, abin da ba ka gani, yaya za shi zama naka? Wanga ƙarfe ga shi, ga mabuɗi a aljihuna. Halas, shi ke nan." Ni ne magatakardan lajna, kuma bayan Baffa na bi. Na ma yi mata ba'a, na ce a ƙasar da ake noman rani da ruwan tur'a, wa ke dogara da girgije?

Ba ta yi musu ba. Ta zuba komai a kwamfutar Baffa, sannan ta ce in raka ta Sinnar inda shabakar intanet ke da ƙarfi. A wani shagon buga takardu muka wuni, tun hantsi. Ta rarraba aikin cikin ƙananan ƙunshi da ta kira kwantena: wannan na takardu, wannan na muryoyi, wannan na nuna wa mai nema. Ta ɗora musu wata manhaja mai kula da su, ta ce in ɗauke ta kamar samad, manomin da ke lura da rabon ruwa a layinmu. In kwantena ɗaya ta mutu, manhajar ta tayar da wata a madadinta ba tare da an ce mata ba. In inji ɗaya ya tsaya, ta kwashe aikinsa ta kai wa na kusa. Injuna uku ta haya.

Wajen la'asar komai ya tashi, na miƙe ina karkaɗe riga don kada motar gari ta bar mu. Sai na ga ta ƙura wa allo ido. Ashe duka injunan uku a gini ɗaya kamfanin ya ba ta, ita kuma ba ta lura ba lokacin zaɓe. Ban ankara ba ta goge aikin wuni guda. Na ce ko ta haukace. Ta ce, "Yaya, ka manta yadda Kaka ke yi da iri?"

Ban manta ba. Kakarmu ba ta taɓa ajiye irin dawa a gida ɗaya ba. Kaso ɗaya a ɗakinta, ɗaya wurin ƙanwarta a tsallaken kogi, ɗaya wurin wata aminiyarta a hanyar Damazin. Haka ta gada daga waɗanda suka taho da ƙafa daga Sakkwato, mutanen da suka san gari na iya tashi a rana ɗaya. Hawwa ta ce rumbu uku a gida ɗaya rumbu ɗaya ne, gobara ba ta ƙirga su. Muka kwana gidan gwaggonmu, washegari ta sake daga farko, kowane inji a wuri dabam. Ta ba ni mabuɗin shiga a rubuce, ta ba wata ƙawarta da ke aiki a Jidda, wadda har yau ita ke kula da injunan.

Da yaƙi ya iso, mun fita da abin da ke jikinmu. Muka dawo bayan shekara da watanni, ofishin lajna ba ƙofa, balle kwaɗo, balle kwamfuta. Takardun ofishin gwamnati ma an ce sun ƙone. Hawashar Inna kuwa, wadda mahaifinmu ya bar mata, mun tarar wani ɗan maƙwabtanmu ya shuke ta. Ya ce ta ubansa ce, aro aka ba mu, wanda ke da waraga, wato takarda, ya fito da ita. Ya san babu. Inna ba ta da wani abu a duniya sai wannan gonar.

Aka tara dattawan sulhu a gindin darbejiya. Mutumin ya yi ta magana, har da cewa Fallata, sunan da suke kiran mu da shi, su koma inda suka fito. Na fiddo wayata, ko da yake ban taɓa gwada mabuɗin ba, kunya ta hana ni. Ya buɗe. Ga takardar Baba da hatiminta. Mutumin ya ce hoto kowa na iya ƙirƙira. Sai na danna murya, aka ji marigayi mahaifinsa yana cewa da Larabci, daga ƙaramar tur'a zuwa bishiyar bagaruwa na Malam Adamu ne, wato Baba, shi shaida ne duniya da lahira. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Baffa Abakar ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Me Hawwa za ta ce da yau? Na san ba za ta ce "ai na faɗa" ba, tambaya za ta yi ko an ƙara takardun garuruwan da ke kusa. Mun fara, kuma ba za mu daina ba. Masu cewa mu baƙi ne su sani, sun ƙone ofis, sun kwashe ƙarfe, amma iyakar gonakinmu tana wurare uku da hannunsu ba ya kaiwa. Nan aka haife mu, nan muka binne Hawwa, nan za a binne mu.

Abu ɗaya ban shirya masa ba ranar nan. A cikin maganar da aka naɗa, kafin tsohon ya amsa, muryar mai tambaya ake fara ji. Inna ba ta saurari hukuncin dattawa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Mai da shi baya, in ƙara jin ɗiyata."